Tabarmar Malam Hussaini

Ƙyamar dangi mugun ciwo ne, kuma shi ya kama Abdulmohsen ranar da ya tara jama'a don tunawa da mahaifinsa, Malam Hussaini.

Duk unguwar Ruwais ta Jidda an san Malam Hussaini da abu ɗaya. A zamaninsa, Hausawa haifaffun Jidda a falo suke cin abincin biki, 'yan'uwansu da suka zo Umra suka maƙale kuwa sai a miƙa musu ta bayan gida. Malam ya ce tunda Allah bai raba sahun sallah ba, shi ba zai raba faranti ba. Duk gidan da aka gayyace shi, sai ya naɗo tabarmarsa ya shimfiɗa a waje, ya sa hannu tare da leburori. Aka zage shi, aka janye yara daga makarantarsa, bai fasa ba, har kunya ta sa gidaje buɗe ƙofa.

*

Bayan la'asar falo ya cika, turaren wuta na tashi. Ga tabarmar an rataye ta a bango cikin gilashi. Sai ga mota daga unguwar Khumra cike da Hausawa 'yan dako, ƙafafu buɗu-buɗu. Abdulmohsen ya tare su a ƙofa. Manyan ofishinsu na ciki, da wane baki zai ce waɗannan nasa ne?

"Yalla, maza ku zaga ta baya, akwai shinkafa," in ji shi.

Baba Saleh, aminin marigayi, ya dogara sanda ya miƙe.

"Ɗana, ta baya ka ce?"

"Ya ammi, baffana, wuri ne ya yi kaɗan. Wasunsu ko iƙama, takardar zaman ƙasa, babu."

"Su suka wanke gawar ubanka. Ran nan ba ka tambaye su iƙama ba. Sauko min da tabarmar can."

"Baba, ai an riga an sa mata gilashi."

"Halas, shi ke nan. Bar ta ta huta, ƙasa ta ishe mu."

Tsohon ya fita, ya zauna a kan kwalta cikin 'yan dako. Dattawa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin gida Hajiya Mastura, mahaifiyar Abdulmohsen, ta sa aka kai farantin mijinta waje.

A can aka yi wa Malam addu'a. Ɗan nasa yana tsaye a falo, ta taga yake jiyo amin.

Ran nan ya rasa aminan ubansa, ya rasa gaisuwar unguwa, uwarsa kuma ba ta sake cin abinci a gabansa ba. Aka bar shi da kujeru, da shinkafar da ta huce, da tabarma a bango.