Karen Baba Sylvanus Ya Yi Fukafukai

A unguwar Romi ta Kaduna, cikin gidan hayar Baba Sylvanus, akwai wata budurwa mai suna Vivian wadda sana'arta zanen karnukan da suka mutu. Ba na unguwa ba, waɗannan in sun mutu bola ake kai su. Na Turawa ne. Kare zai mutu a wata ƙasa mai sanyi, mai shi ya turo hotonsa ta waya, ita kuma ta zauna da wani allon gilashi da alƙalami marar tawada, ta yi masa fukafukai, ta zaunar da shi a kan gajimare. Da wannan take ci take sha.

Wata tsohuwa daga Kanada ta ba ta wahala. Karenta Tobi ya mutu, hotunan da ta turo kuwa duk yana gudu ne, ba a ganin komai sai baya da wutsiya. Vivian ta zana, tsohuwa ta ce jikin ya yi, amma idon ba nasa ba ne. Ta sake, aka ce wannan idon na tunkiya ne. Tobi, in ji tsohuwar, yakan kalli mutum kamar ya san wani abu.

Ana cikin haka Baba Sylvanus ya dawo da wani jan kare a igiya, ya ɗaure shi a gindin mangwaro. Baba mutumin Pankshin ta jihar Filato ne, tsohon ma'aikacin masaƙa. Ranar Asabar masu neman auren 'yarsa Martha za su zo, a wurinsu kuwa manyan baƙi da farfesun kare ake tarbarsu.

Vivian ta leƙa ta taga. Karen bai yi haushi ba, bai ja igiya ba. Ya kwanta ya zuba wa babbar tukunyar da aka wanke aka kife a tsakar gida ido. Nan take ta ɗauko kujera da allonta ta zauna gabansa. Ta ba shi sauran tuwo don ya ɗago kai, ya cinye ya lashe mata ƙafa. Kafin ta gama ido na biyu, ta ji ba za ta iya zama a gidan ana hura wutar Asabar ba.

"Baba, karen nan dole sai an yanka shi?"

"To me za a yi da shi? A sa shi cikin mawaƙan coci?"

"Ni zan sayo akuya."

"Akuya? 'Yata, mutanen nan daga Filato za su taso. So kike su koma su ce Sylvanus ya daɗe a Kaduna har bakinsa ya mutu?"

Ta koma ɗaki ta tura zanen. Ba a jima ba muryar tsohuwa ta iso, tana kuka. Ta ce wannan shi ne Tobi, haka yake kallonta duk lokacin da take girki, yana jiran a sauke tukunya. Vivian ba ta yi mata ƙarin bayani ba.

Ta ɗauki allon ta kai wa Baba. Ya sa tabarau, ya dubi kare mai fukafukai da haske a bayan kansa, ya juya ya dubi na gindin mangwaro. Ya daɗe yana haka.

"Jikin ba nasa ba ne, amma idon nasa ne. Wa ya ba shi fukafukai?"

"Ni ce, Baba."

"Da izinin wa? Yanzu hoton yana ina?"

"Yana Kanada. Matar ta ce a falo za ta rataye shi, kusa da na marigayi mijinta."

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ni da na ƙare ƙuruciyata a masaƙa, ko a Kakuri, inda masaƙar take, ba a rataye hotona ba." Ya miƙa mata allon. "Vivian, kin cuce ni. Ni dattijon coci ne. In na je can na iske shi zaune kan gajimare, ya ɗago idon nan ya dube ni, in ce masa me?"

Maman Martha ta amsa daga kicin, "Ka ce masa ya yi daɗi."

Baba bai kula ta ba. Ya je ya kwance igiyar ya danƙa wa Vivian. "Riƙe mala'ikanki. Cinsa da kashinsa a wuyanki."

Ranar Juma'a da rana Vivian tana zana wani farin kare na wata mata a Jamus, jan karen yana barci a kan ƙafarta, sai ta ji keke ya tsaya a ƙofar gida. Baba ya sauko rungume da buhu mai motsi, an ɗaure bakinsa tam. Bai bi ta gindin mangwaro ba, ya zaga ta bayan ɗakuna. Da ya zo daidai tagarta ya juya wa tagar baya, ya tare buhun da jikinsa.

"Rufe tagarki, 'yata. Wannan ban yarda kowa ya kalle shi ba."