Awon da Tijjani Ya Yi wa Kansa

Tijjani ɗan Mamane yana shekara ta shida a karatun likita lokacin da aka turo shi wani asibiti a Birnin Ƙonni, ya yi wata huɗu yana koyon aiki. A Tajaye aka haife shi, gidan makiyaya, ya tashi da fura da nono da tuwon hatsi. Amma tun da ya tafi Yamai karatu cikinsa ya saba da wani abu dabam. Da safe burodi da mayonez da kafe mai madarar gwangwani, da rana taliyar leda, tsakani kuma lemon kwalba, biyu, wani lokaci huɗu, don kada barci ya kwashe shi a kan littafi. Duk 'yan ɗakinsu haka suke ci. Ba mai lokacin ɗora tukunya.

A Ƙonni aka sa shi ɗakin masu ciwon sukari. Kowace Talata yakan zauna gaban tsofaffi yana gaya musu su rage shayi mai zaƙi, su bar lemo, su riƙa tafiya da ƙafa. Ya iya bayani, har suna son layinsa.

Wata safiya aka kawo sabuwar na'urar awon sukarin jini. Majo Junaidu, babban ma'aikacin jinya na ɗakin, ya ce a gwada ta a kan mai lafiya tukuna. Tijjani ya miƙa yatsa yana dariya, ko karyawa bai yi ba. Majo ya dubi na'urar, ya ɗauko tsohuwar ya sake awon.

"Nawa ta nuna, Majo?"

"Ya hi uku, dokta. Duk biyun."

Tijjani ya san mai lafiya da bai karya ba ba ya wuce ɗaya sai da kaɗan. Ya kuma san ƙishin da ya dame shi wata biyu, da yawan fitsarin, da wandon da ya yi masa yawa. Ya ga alamun duka, ya ce zafin Ƙonni ne. Mahaifinsa ma da wannan ciwon ya rasu shekara biyu baya, bayan an yanke masa ƙafa.

"Don Allah kada kowa ya ji," in ji shi.

"Ni ba ni faɗi. Amma ka fara magani yau."

Ya fara shan ƙwayoyi. Kwana tara bai taɓa sukari ba. Sai dai zagayen marasa lafiya kan kai azahar, kuma a bakin asibitin ba abin da ake samu da sauri sai shayi da burodi da fanke. A rana ta goma yunwa ta ci ƙarfinsa, ya zauna a bencin mai shayi ya ce a haɗa masa kamar kullum. Yana ci yana lissafa abin da kowace loma ke yi wa ƙodarsa da idonsa. Bai daina ci ba. Daga nan ya bar auna kansa.

Wata Juma'a ya je gida. Innarsa Habiba ta dawo daga tallar nono ta tsaya tana kallonsa. Ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗan fari.

"Kai, mi ya same ka? Ka rame. Tun ɗazu kake shan ruwa kamar yadda mahaifinka ya riƙa yi."

"Aiki ne, Inna."

"Ni na yi jinyar mutumin nan shekara huɗu. Ba a yi mini wannan ƙarya."

Ya sunkuyar da kai. Ta zauna a kan turmi, ta ce a hankali, "Mun kai ka lakwal ka yi boko don kada a sake wannan a gidan ga."

Mako uku bayan haka ya faɗi ana tsakiyar zagaye, gaban gadon wata tsohuwa da yake dubawa. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kwance a ɗakin da yake aiki. Jarrabawar ƙarshen shekara ta wuce shi. Aka mayar da shi kan allurar insulin, safe da yamma, aka ce kuma ƙodar ta fara taɓuwa.

Yanzu yana Tajaye. Kwalaben allurar suna cikin gwangwani a gindin randa inda ke da sanyi, don gidan ba lantarki. Idan ya buɗe littafi, layi biyar ne rubutun ya fara haɗewa. An aiko masa ya koma Yamai bayan damina ya maimaita shekara, bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba.

Ranar da sakamako ya fito, abokin ɗakinsa Almoustapha ya kira shi. Ya ce ya ci jarrabawa. Yana magana yana tauna, Tijjani na jin ƙarar buɗe kwalba.

"Almou, ka je a auna ka."

"Zan je, wallahi. Bari dai mu gama wannan watan."

Tijjani ya ce to, ya yi masa murna, ya ajiye wayar a kan tabarma.