Ruwan Mutum na Tara

Kawu Mahamadu ya tsayar da moto, babur ɗinsa, a ƙofar gidan abincin Inna Rakiya, ya juyo ya dube ni tun ban sauka ba.

"Abdurazak, abu guda nike roƙonka. Ka ci abinci, ka kama bakinka. In Alhaji ya tambaye ka, ka amsa a gajarce. Ɗakin nan in ya kuɓuce maka, ba ni da wani."

Ɗakin na Alhaji Khalidu ne, shugaban 'yan albasa na kasuwar Malanville. Yana bakin rumfunan albasa, ya fi shekara a rufe. Ni kuma na dawo daga Parakou da takardar aikin jinya, wata bakwai ke nan ina zaune. So nake in buɗe wurin wanke rauni da duba masu zazzaɓi a can, inda 'yan dako ke yanke ƙafa su ɗaure da tsumman buhu. Mu biyu ke neman ɗakin, ni da wani Mustapha mai gyaran salula. Alhaji kuwa ba ya yanke magana sai ya ci abinci da mutum. Duk Alhamis bayan azahar shi da mutanensa suna haɗuwa a wurin Inna Rakiya, kuma da ƙyar Kawu ya samo mini gurbi.

Rumfar kwano ce, da tabarmi biyu da benci ɗaya. Ƙamshin soyayyar karfasa ya cika ta. Muka yi sallama, na durƙusa na gaida Alhaji, na bi sauran ɗaya ɗaya.

"Wanga ne lokotoron namu?" in ji Alhaji, wato likita. "Mahamadu, ba ku ba shi abinci ne? Iska ta taso daga kogi sai mu tsince shi can ƙetare, Gaya."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na zauna a ƙarshen tabarma kusa da Ɗan'iya, babban 'yan lodin albasa, mutum mai kamar shekara arba'in da hannuwa kamar faifai.

Inna Rakiya ta dire babban tire a tsakiya: tuwon shinkafa, miyar kuɓewa, kifi a kai. Sannan ta kawo kwanon wanke hannu, ta ajiye a gaban Alhaji.

Na san kwanon nan. Tun da na dawo na ci abinci a gidajen abinci sun fi goma a unguwannin garin, daga na bayan tasha har na hanyar gada, kuma a mafi yawansu haka ake yi. Kwano ɗaya, ruwa ɗaya, babba ya fara, a yi ta miƙawa har kan ƙarami. A sauran wuraren nakan fita waje in wanke da buta, ba mai kula ni. A nan kuwa bin layin kwanon shi ne shiga cikin mutane.

Alhaji ya tsoma hannu a ruwa garai-garai. Malam Rabiou, na kusa da shi, ya biyo, wanda yanzun nan ya fyace hanci da yatsu. Na uku ya taho daga ɗaure raguna. Na huɗu tun safe yake juya buhuna yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa. Kawu ne na biyar. Ina ƙirgawa, ina tuna daminar da ta wuce, lokacin da na taimaka wajen jinyar masu amai da gudawa, na ga yadda ƙato ke zama kara cikin yini guda. Ɗan'iya, na takwas, ya tsoma yatsu ya cire da sauri, bai ko duba ba. Ya turo mini.

Ruwan ya koma kalar kunun kanwa. Ɓawon albasa na yawo a kai, da wani abu mai yauƙi a gefe.

"Bisimilla, lokotoro," in ji Alhaji. "Tuwo shina hucewa."

Kawu ya kafe ni da ido. Na san abin da ake so: daƙiƙa biyu, in tsoma, in share a wando, ɗaki ya zama nawa. Da wane baki zan zauna a ɗakin nan gobe in ce wa ɗan dako ya wanke hannu kafin ya taɓa rauninsa?

Na ɗauki kwanon da hannu biyu, na miƙe, na kai shi gaban Alhaji na durƙusa.

"Baba Alhaji, ka yi mini gafara. Ka sake wankewa a ciki, ni ma sai in wanke."

Kowa ya juyo. Har Inna Rakiya ta tsaya da ludayi a hannu.

"Mi ka ce, yaro?" in ji Alhaji.

"Na ce ka duba, Baba. Kai kullum na farko ne, ruwan da kake gani mai kyau ne. Ba ka taɓa ganin na mutum na tara ba. Ga shi."

"Abdurazak!" in ji Kawu. "Aje kwanon ga ka zamna!"

"Kawu, hannun da ya shiga ruwan nan tire ɗaya zai shiga da na Alhaji. Ba ni kaɗai zan ci ba, duka za mu ci."

Malam Rabiou ya yi tsaki. "Kakanninmu haka suka ci, sun kai tamanin. Albarka ce ake rabawa cikin ruwan manya. Lakwal ɗin nan taku ta boko ba ta koya muku wannan."

"Waɗanda suka kai tamanin su muke ƙirgawa, Malam. Waɗanda ciki ya kwashe tun suna goye fa, wa ya ƙirga su?"

"To ni ce mai dauɗa ke nan?" in ji Inna Rakiya. "Shekara ashirin ina ciyar da kasuwar ga, yau ɗan da na gani ba wando zai koya mini?"

"Inna, ruwanki mai tsabta kika kawo. Mu muka ɓata shi."

Alhaji ya kawar da ido daga kaina. Ya sunkuya ya dubi kwanon, ya daɗe yana dubawa. Na ga hancinsa ya motsa. Bai tsoma hannu ba. Ya sa bayan yatsu ya ture kwanon gefe, ya juya wajen Kawu kamar ba na wurin.

"Mahamadu, ka hwaɗa ma Mustapha ya zo ya amshi makulli gobe."

Kawu ya sunkuyar da kai. Na lissafa a raina: wata bakwai na zama, da wasu watannin da ban san adadinsu ba. Kowa ya zaci zan nemi takalmina. Ban nema ba. Na fita da kwanon na watsar da ruwan a kwata, na ɗauko butar alwala da guntun sabulun da ke kan randa, na tsaya a bakin rumfa inda kowa ke ganina, na wanke hannuna har wuyan hannu.

Ina shirin ajiye butar sai na ji motsi a bayana. Ɗan'iya ne, ya miƙo manyan hannuwansa.

"Zubo mini, lokotoro."

"Ɗan'iya, kai ma?" in ji Malam Rabiou.

"Malam, shekara goma sha ɗaya ni ne na takwas. Kai na biyu ne, ba ka san komi ba."

Na zuba masa, ya cuɗa sabulu har kumfar ta yi baƙi, na sake zubawa. Ba wanda ya ƙara tasowa. Muka koma tabarma. Inna Rakiya, fuska a murtuke, ta zuba mana tuwo a wani faranti dabam, ta dangwara shi a gabanmu. Ko kora ce ko kyauta, ban tambaya ba.

Alhaji ya ci loma biyu daga babban tiren, ya tsame hannu, ya ce ya ƙoshi. Kawu bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ɗakin ya tafi, na sani. Na gyara zama a wurina na mutum na tara, na ɓare kifina, na cinye tuwona tas.