Gayyatar Bernice

Da hannunta Marjorie ta rufe imel ɗin ma'aikatan masana'antar katako, tana kurɓar kofin da ya riga ya huce. Wani ne a sashen fenti ya danna saƙon 'yan damfara, kwamfutoci suka haukace, sai manaja Trent ya yanke hukunci: babu mai sake buɗe imel a kwamfutocin wurin aiki. Kalanda kaɗai za a bari, kowa ya riƙa ganin ranakun aikinsa. Ya kuma ce kafin a tashi aiki ranar Juma'a ta share asusun imel na duk wanda ya bar kamfanin.

Ita kaɗai ke kula da kwamfutocin wurin, kuma ta gaji, gajiya har cikin ƙashi. Tun safe ake yi mata sallama da tsiya. "Hukuma, a bar mana iskar shaƙa dai ko?" in ji wani direba. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ranar Laraba Orval Friesen ya shigo ofishinta, garin katako a hularsa. Tsoho ne, ya fi kowa daɗewa a kan injin yanka.

"'Yar nan, an ce za ki share mutane."

"Asusu zan share, Baba Orval, ba mutane ba."

"Har na Bernice?"

Bernice matarsa ce, a ofishin karɓar oda take aiki, ta rasu bara lokacin da dusar ƙanƙara ta fara sauka. Orval ya sa ta buɗe kalandarsa. Ga gayyata nan daga Bernice, irin tunatarwar da ake aika wa mutum a kalanda, kullum lokacin abincin rana, ba ta da ranar ƙarewa: "Sha maganin hawan jininka, tsoho mai taurin kai."

"Har yanzu tana fitowa," ya ce. "Ni ko sau ɗaya ban danna mata 'na amince' ba. Da gangan, don ta yi mita. Ai kuwa ta yi!"

Marjorie ta san aikinta. Duk ranar da asusun Bernice ya tafi, gayyatar ma za ta tafi.

"Zan saka maka wata, ko kalma ɗaya ba zan canza ba."

"Da sunanki a sama?"

Ta gyaɗa kai.

"To riƙe abarki," ya ce, ba da faɗa ba. Ya gyara hula ya fita.

Ta sami Trent ta roƙe shi a bar asusun Bernice. Ya saurare ta yana murza idanu, shi ma a gajiye yake. "Haba Marjorie, ke kika koya mini cewa ta tsofaffin asusu ɓarayi ke shigowa. In na bar ɗaya, gobe me zan ce wa na biyu?" Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Ranar Juma'a da yamma ta share kowa, saura Bernice. Ta yi ta jan ƙafa, ta wanke kofi, ta goge tebur, sannan ta leƙa inda saƙonnin da sabuwar doka ta tare suke taruwa. Guda ɗaya ta tarar, daga Orval zuwa Bernice. Bai rubuta komai ba. Irin saƙon nan ne da kalanda ke aikawa da kanta idan mutum ya amsa gayyata: Orval Friesen ya amince.

Tausayi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa idonta. Ta tagar ofis tana hango shi, yana share gindin injinsa kamar kullum.

Doka ta ce kada saƙo ko ɗaya ya fita daga waɗannan kwamfutoci, kuma ita ta saka dokar a cikinsu. Ta saki saƙon. Sai da ta ga ya shiga akwatin Bernice, sannan ta share asusun.