Sakatar Da Na Cire

Da wani ya tare ni a safiyar Asabar ɗin nan ya ce, "Kafinta, mayar da sukudirebar nan akwati, in ba haka ba kafin yamma jini zai zuba a gidanka," da na ce masa ya je a duba kansa. Sukuru huɗu ne kawai zan kwance. Aikin da bai kai minti biyu ba.

Shekara ashirin da biyu ina ɗaura wa mutane ƙofofi. Muna zaune a hawa na uku na wani tsohon bene, ni da matata mai ɗinki, da ɗanmu ɗaya tilo, Dogo, mai shekara sha biyar. Sai yarinyar da muka karɓo riƙo daga ofishin kula da yara wata biyar kafin wannan rana. Shekarunta sha biyu, kuma gidanmu ne na huɗu da aka kai ta. Kwana uku da zuwanta ba wanda ya ji muryarta, sai Dogo ya raɗa mata Rediyo. Uwarsa ta kai masa duka da tsintsiya, amma sunan ya zauna.

Ranar da aka kawo ta, ba ta kalli gadon da na haɗa mata ba, ba ta kalli labulen da matata ta kwana biyu tana ɗinkawa ba. Ƙofa ta kama, ta juya ta, ta tsaya tana duba bayanta. Ma'aikaciyar da ta kawo ta, wadda Dogo ke kira Mai Fayil, ta ja ni gefe.

"Abu ɗaya nake roƙonka, Kafinta. Ka sa mata sakata ta ciki. Kar ka tambaye ta dalili. Ranar da ta ga dama za ta faɗa."

Na sa mata wadda ta fi kyau a shagona. Daga ranar, duk shigarta ɗaki sai mu ji ƙaras.

A hankali ta fara sakewa. A wata na uku ta soma cin abinci tare da mu. A na huɗu ta yi dariya sau ɗaya, ranar da kujera ta karye da Dogo. Tana kiran matata Anti. Ni kuwa ba ta kira na da komai, amma in na dawo da kwalbar ƙusoshi a cakuɗe, zan tarar ta ware min su, manya daban ƙanana daban. Har wasa suka ƙirƙiro da Dogo. Duk lokacin da zai wuce ɗakinta sai ya bangaji ƙofar da kafaɗa ya ce, "Rediyo, a kama tasha!" Ita kuma ta ƙwanƙwasa sau biyu daga ciki. Sakatar ce ke tare nauyinsa.

Ni mutum ne mai fargaba, ba na musu. Sai na duba gas sau uku kafin in fita. Matata kan ce, "Kai ko inuwarka sai ka shinshina ka ji ko ta kama wuta." To ran Laraba gobara ta tashi a benen da ke kallon namu. Wani dattijo ya bar dutsen guga a kunne, kuma ya sa sakata ta ciki. Ina cikin waɗanda suka sari ƙofar da gatari. Ƙofa mai kyau ce, ta ƙi mu. Da muka fito da shi, fatar hannunsa ta biyo rigata.

Kwana uku ƙaurin bai bar hancina ba. In na ji ƙaras daga ɗakin Rediyo sai dattijon nan ya faɗo min a rai. Tagarta akwai ƙarfe. Ƙofarta kuma ni na ɗaura, na san ba ta ɓalluwa da sauƙi.

Ran Asabar matata ta fita da ita sayen takalmi, Dogo ya tafi ƙwallo. Na shiga na kwance sakatar. Niyyata in zaunar da ita in yi mata bayani, ran Litinin kuma in sa makulli mai buɗuwa ta ciki da waje. Ina cikin haka waya ta yi ƙara, wani mai shago ƙofarsa ta cije. Na jefa sakatar da sukurunta a aljihu, na bar sukudirebar a bakin tagarta, na fita da sauri.

Na dawo bayan tsakar rana a gajiye, na miƙe a falo. Suka shigo da leda. Rediyo ta ɗaga min takalmin in gani, fari mai igiya, sannan ta wuce ɗaki. Na ji ƙofa ta rufu. Na kasa kunne. Shiru.

A nan ya kamata in tashi. Amma sai na ce bari in ɗan huta, in tsara yadda zan faɗa mata. Na ɗauka in abin ya dame ta za ta fito ta tambaya. Ban san yaron da aka yi ta yawo da shi gida gida ba ya tambaya ba. Daga baya na gane abin da ta yi: ta zauna a ƙasa, ta jingina bayanta da ƙofar, ta riƙe sukudirebar da hannu biyu. Awa uku tana haka, ni ina minshari.

Muryar Dogo ce ta tashe ni. Sun ci wasa, yana ta tsalle tun daga matakala. Na ji ya taho da gudu.

"Rediyo, a kama ta..."

Ƙofar ta buɗe da dukan nauyinsa. Ta make yarinyar ta wurga ta jikin ƙafar gado, shi kuma ya faɗa kanta. Sai wani ihu da ban taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba. Kafin in kai bakin ɗakin ta soke shi sau biyu, ɗaya a damtse, ɗaya a ƙasan wuya. Na ga ta ɗaga hannu karo na uku, ƙarfen ya yage masa kumatu. Jini ya fantsama a kan farin takalmin.

"Baba! Baba, za ta kashe ni!"

Ban ga yarinya ba a lokacin. Ɗana kawai na gani. Na cafki hannunta na murɗe shi baya, na ɗaga ta sama kamar guntun katako, na maka ta da bango. Na ji ƙas, irin ƙarar busasshen falanki in ya tsage. Sukudirebar ta faɗi. Na wanke ta da mari, na ƙara. Ta kafa haƙoranta a tsakanin babban yatsana da manuni har sai da na ji sun haɗu. Na fizge, na dunƙule hannu, na ɗaga.

Sai ta sulale ƙasa. Ta durƙusa, ta juya fuskarta bango, ta sunkuyar da kai. Hannunta ɗaya na lilo kamar ba nata ba. Cikin murya a fili, magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta, ta ce:

"Baba, don Allah kar da wayar wuta. Da hannu. Zan yi shiru."

Hannuna ya tsaya a sama. Na kasa saukewa, na kasa bugawa.

Matata ce ta ture ni. Ta kwaso yadin wata mata da take ɗinki ta danne wuyan Dogo da shi, tana ihu, "Ka tsaya kallo ne? Kira Direba! Kira shi mana, mutumin banza!"

Direba maƙwabcinmu ne na ƙasa. Shi ya goya Dogo har mota. Da na miƙa hannu zan ɗauki Rediyo sai ta yi fitsari a tsaye. Matar Direba ce ta rungumo ta.

A asibiti an yi wa Dogo ɗinki goma sha ɗaya. Likita ya nuna min faɗin yatsarsa ya ce iyakar abin da ya raba ƙarfen da babbar jijiya ke nan. Dogo ya buɗe ido, bakinsa a karkace saboda bandeji, ya ce, "Baba, yau fa Rediyo ta kama tasha." Uwarsa ta fashe da kuka.

Rediyo kafaɗarta ta goce, ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗar ya karye. Da nas ta yanke mata riga, na hango bayanta ta tsakanin labule. Tsofaffin tabo ne layi layi, wani kan wani. Nas ta dube ni, ta dubi cizon da ke hannuna, ta ja labulen.

Mai Fayil ta iso da wata 'yar sanda. Kafin su kira ni, matata ta riƙe min riga a baranda.

"Ka ce haka kawai ta far masa. Ka ce faɗuwa ta yi da kuna kokawar ƙwace ƙarfen. Ka ji ni? In suka kama ka, wa zai riƙe mu?"

"Ke ba ki san..."

"Na san ɗana na kwance! Maciji muka ɗauko muka sa a ɗaki."

Aka shigar da ni wani ƙaramin ofis. Mai Fayil ba ta ko amsa gaisuwata ba.

"Na tambayi yarinyar, ta ƙi magana," in ji ta. "Na ba ta takarda, ga abin da ta rubuta." Ta turo min. Kalma biyu ce da hannun hagu, a karkace: Ni ce. "Ka saurare ni da kyau, Kafinta. In ya tabbata ta soki yaro ba gaira ba dalili, ba gidan da zai sake karɓarta. Gidan tsare yara za a kai ta, har ta cika sha takwas. A can ta waje ake kulle ƙofa. Yanzu faɗa min abin da ya faru."

'Yar sandan ta buɗe biro. Ƙaryar matata na kan harshena, a shirye, kuma yarinyar da kanta ta riga ta share mata hanya. Na gyara zama, sai wani abu ya tokare min cinya. Na sa hannu a aljihu, na fito da sakatar, na ajiye a kan tebur. Sukuru huɗun suka gangara.

Na faɗa musu komai, tun daga gobara har bango.

Mai Fayil ta daɗe tana kallon sakatar. "Abu ɗaya na roƙe ka," ta ce. "Ɗaya tak."

"Wuta nake ji mata tsoro."

"Ka faɗa mata?"

Na girgiza kai.

"Gida na biyu da aka kai ta, maigidan kan turo ƙofa da wayar wuta a hannu, ko cokali ta yar. Gida na uku suka dawo da ita don tana tare ƙofa da durowa, suka ce ba ta da tarbiyya. Da ka zaunar da ita ka ce, 'Ina tsoron gobara, ya za mu yi?' wallahi da kanta za ta nemo maka dabara. Duk abin da aka taɓa yi wa yarinyar nan, ba da saninta aka yi ba, kuma kowa cewa yake don amfaninta ne."

"Za a kai ta can ɗin?"

"Da wannan bayanin, a'a. Amma kai za ka amsa tambaya a kan kafaɗar nan."

Yau sati shida. Rediyo na wajen wata tsohuwar nas da ke karɓar yara na ɗan lokaci. Maganata na gaban hukuma, kuma duk Talata ina zuwa wani aji da ake koya wa masu riƙo. Ni ne babba a ajin, ni ne kuma na fi kowa jinkirin rubutu. Matata ta yi mako ba ta ce min uffan ba. Rana ta takwas na tarar da ita a banɗaki tana goge jinin farin takalmin da tsohon buroshi. Dogo ya warke, da tabo a kumatu. Har yanzu in zai wuce ɗakin sai in ga kafaɗarsa ta karkata, sannan ya tuna.

Na mayar da sakatar a ramukanta na da. Na sayi na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi na liƙa a baranda, abin da ya kamata in yi tun ran Laraba. Na rubuta wa yarinyar wasiƙa, sau biyar ina yagawa. Ban ce don amfaninta na yi ba. Na ce ni na cire, ni na yi laifi, kuma ba zan sake taɓa ƙofarta ba sai da izininta. Mai Fayil ta ce yarinyar ta karanta, ta ninke, ta sa a aljihu.

Ƙarshen watan nan kwamiti zai zauna. An ce ita za a fara tambaya ko tana son dawowa, sannan su duba ko na cancanta. Ban san abin da za ta ce ba. Ban kuma sani ba ko ni take nufi ranar da ta ce Baba.