Tsaka Mai Ciwon Ido

Tun ranar da akwatin gilashin nan ya shigo gidan Gwaggo Rakiya a unguwar Adjamé Saint-Michel, ba wanda ya ƙara yi wa Iklima kallon arziki. Yayanta Abduljalil ne ya kawo shi. Direban wani Bafaranshe ne da ke aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa, kuma a rikicin da ya sa Turawa suka yi ta barin gari da jaka ɗaya a hannu, maigidan ya damƙa masa akwatin ya ce ya riƙe har ya dawo. Bature bai dawo ba. Shi ma Abduljalil aiki ya ja shi Lome, sai kaya suka faɗa kan ƙanwarsa, yarinyar da ko gaisuwa za ta yi sai muryarta ta yi rawa.

Tsaka ce a cikin akwatin, amma ba irin ta bango ba. Rawaya ce da ɗigo-ɗigon baƙi kamar damisa, ga wutsiya mai kauri, kuma tana lumshe ido kamar mutum. Iklima ta sa mata suna Zabuwa. Mutanen gidan kuwa ba ruwansu da zanenta, tsaka tsaka ce. Ita ce ta hura wa Annabi Ibrahim wuta, ita ce in ta faɗa randa sai a zubar da ruwan har a fasa randar. Iklima ma ta san ƙissar tun tana makarantar allo, takan kuma rarrashi zuciyarta da cewa wadda ko bango ba ta iya hawa ba za ta zama jinin waccan ba. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya, kowa yana jin tarin kowa. Gwaggo, yayar mahaifinta, ta haƙura ne kawai don ta yi wa Abduljalil alkawari a gaban mutane.

Da damina ta kankama Zabuwa ta yi saɓa, daga nan idonta na hagu ya ƙi buɗewa. Ya kumbura, ya fara ruwa, na dama ma ya soma liƙewa. In Iklima ta sakar mata gyare sai ta kai cafka gefe, gyaren ya bi ta kan hancinta ya wuce. Wutsiyar ta fara ramewa. Kullum kafin ta tafi makaranta Iklima kan jiƙa auduga a ruwan ɗumi ta daddanna mata idon, ba ta san ko gyara take ko ɓarna ba.

Tana cikin haka wata safiya aka banko labulen ɗakin. Ladidi ce, maƙwabciyarsu mai sayar da aceke, wato dambun rogo, saɓe da jaririnta Sharhabilu. Idanun yaron sun yi jawur, kwantsa ta liƙe gashin idon.

"Duba nan, 'yar boko. Duba da kyau, tunda ke ce mai karatu."

"Yako, sannu, Tanti. Apolo ne, ai yana yawo a unguwa."

"Yana yawo, sai ya rasa gidan sauka sai wanda ake jinyar tsaka mai ruɓaɓɓen ido? Ruwan da kike wanke mata ido ina kike zubarwa? Ba gindin famfo ba, inda nake wa ɗana wanka?"

Iklima ta sunkuyar da kai. Gaskiya ne, a can take zubarwa.

Kafin a ce haka tsakar gida ta cika. Tasi'u, ɗan Gwaggo, ɗan kamasho a tashar Adjamé, ya taso daga bakin famfo da asuwaki a baki, ya zare takalminsa na roba ɗaya.

"Ku bar ni da ita. Lada ne a ƙasa kuka bari yana cin gyare. Bugun farko ma an ce ya fi tsoka."

"Yaya Tasi'u, don Allah."

"Au, ashe kina magana? Na zaci sai da ita kike hira."

Gwaggo Rakiya ta fito tana gyara ɗaurin zani. Ta dubi jaririn, ta dubi akwatin, ba ta dubi Iklima ba.

"Na riƙe ki don zumunci, ban ce zan riƙe annoba ba. In aka kira magariba abin nan yana gidana, Tasi'u ya yi aikinsa. Alkawarin Abduljalil ya ƙare yau."

Iklima ba ta je makaranta ba. Ta huda kwalin takalmi, ta shimfiɗa tsumma, ta sa Zabuwa a ciki, ta lulluɓe kwalin da mayafinta. Akwai wani kantin magungunan dabbobi a unguwar Treichville, ƙetaren gada, da Abduljalil ya taɓa kai ta sayen tsutsa, nan kaɗai ya faɗo mata a rai. A cikin bas ta ƙanƙame kwalin a ƙirji, duk ƙarcen da ta ji daga ciki sai ta yi tari don ta rufe shi. Da suka hau gada ta ga ruwa shimfiɗe ta kowane gefe, zuciyarta ta raya mata cewa jifa ɗaya ta taga zai kashe maganar duka. Ta kawar da kai.

Matar da ke tsaron kantin, Madam Akisi, ba ta da fara'a. Ta buɗe kwalin, ta ɗaga Zabuwa a tafin hannu zuwa haske, ta yi tsaki. Da Faransanci suka yi maganar.

"Wa ya ba ki wannan? Kin kusa makantar da ita. Akwai wuri mai danshi a akwatinta?"

"A'a, Madam. An ce mini 'yar hamada ce."

"An ce miki. Ko a hamadar ai ƙarƙashin dutse take shiga inda ƙasa ke da laima. In ba danshi, tsohuwar fata ba ta fita duka, sai ta maƙale a cikin ido. Riƙe ta nan. Riƙe da kyau mana, ba cizonki za ta yi ba."

Ta ɗiga ruwan gishiri na famasi a idon, ta jira, ta sake ɗigawa. Zabuwa ta wage baki ta yi wani ɗan kuka siriri da Iklima ba ta taɓa ji ba. Da tsinken auduga matar ta yi ta lallaɓa gefen idon har wani farin abu ya zaro, kamar ɓawon tafarnuwa da ya jiƙa. Idon dama ya buɗe tas. Na hagu ya buɗe rabi, cikinsa fari-fari kamar an zuba madara.

"Wannan ko ya dawo ko bai dawo ba. Magani safe da yamma, abinci kuma a baki za ki riƙa ba ta har ta iya kamawa da kanta."

"Madam, tana iya sa wa mutum apolo?"

"Apolo mutum ke ba mutum. Rabin Treichville na yawo da baƙin tabarau, duk tsaka gare su?"

Iklima ta faɗa mata abin da ke jiranta a gida, tana maganar tana kallon ƙasa. Ta roƙa a ajiye mata Zabuwa, ko na ɗan lokaci, za ta riƙa zuwa ba ta magani.

"Nan ba otal ba ne. Daga Adjamé za ki riƙa zuwa safe da yamma? Ku yara haka kuke, ku ajiye wa mutum wahala ku ɓace. In kin bar ta, kin bar ta ke nan. Zan yi jinyarta, in ta warke akwai ɗan Labanan da ke kiwon irinsu, shi za a ba. Kada ki dawo kina mini kuka a ƙofar kanti."

Zabuwa ta hau bayan hannun Iklima, ta tsaya tana lasar leɓe, ido ɗaya a kanta. Iklima ta tuna takalmin Tasi'u. Ta tuna Abduljalil, da yadda zai tambaye ta a waya. Ta sauke ta a hankali cikin tafin matar, ta ɗauki kwalinta wayam.

"Ke," in ji Madam Akisi, ta kama haɓarta ta juya fuskarta wajen ƙofa. "Naki idon ma ya fara. Ki daina murzawa, kuma kada ki haɗa tawul da kowa."

Ta iso gida rana ta yi sanyi. Akwatin gilashin yana bakin ƙofar waje a tarwatse, an share yashin cikinsa zuwa kwata. Gwaggo tana kan tabarma, Ladidi na gefenta tana jijjiga yaro, Tasi'u ya dawo da wuri, abin da bai saba ba. Ya fizge kwalin ya buɗe, ya kifar da shi, tsumma kaɗai ya faɗo.

"Ina gawar?" in ji Ladidi.

"Ba ta gidan nan, Tanti. Abin da Gwaggo ta ce ke nan."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan. Muddin tana numfashi idon ɗana ba zai washe ba. Kin kashe ta?"

Ƙarya tana nan kusa, kalma ɗaya, ga gada ga ruwa. Amma sai Iklima ta dubi gilashin da aka fasa, ta ɗago kai.

"Ban kashe ta ba. Tana shan magani."

Marin Gwaggo ya sauka kafin ta rufe baki. Tsohuwar ta riƙe kunnenta ta jawo ta ƙasa, sai ta tsaya cak tana leƙen fuskarta.

"Ku zo ku gani. Ga shaida a idonta, tana mana gardama. Ladidi, matso."

Gwaggo ta kwantar da kan Iklima a cinyarta, ta gwale mata ido da yatsu biyu masu ƙanshin daddawa. Ladidi ta durƙusa, ta fito da nono ta tatsa mata a ciki, kamar yadda ake yi wa jarirai, tana yi tana ƙunƙuni cewa abincin ɗanta take ɓarnatarwa a kan wadda ta cuce shi. Ɗumin ya gangara har kunnen Iklima. Komai ya zama hazo-hazo.

"Yanzu faɗa mini inda kika kai ta," in ji Gwaggo, ba ta saki kanta ba. "Gobe Tasi'u ya je ya ƙarasa."

"Treichville ta je," Tasi'u ya ce, yana juya tikitin bas da ya tsinta a mayafinta. "Wane layi, Hajiya likita?"

Iklima ta runtse idon da aka tatsa wa nono.

"Da ke ake," in ji Gwaggo.

"Ban riƙe ba, Gwaggo."

"Ke da kike haddace littafi guda? To, ki zauna har ki tuna."

Gwaggo ta ture ta, ta miƙe, ta shiga ɗakin Iklima ta fito da jakar makarantarta da takalminta na fita. Ta jefa su cikin nata ɗakin, ta datse kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zani. Aka fara kiran magariba, kowa ya ja butarsa. Tasi'u ya ratsa ta gabanta zuwa famfo, ya rage murya.

"Kantin dabbobi nawa ne a Treichville duka? Ni ɗan tasha ne fa, zan samo."

Iklima tana zaune a inda aka ture ta, nono yana bushewa a kumatunta. Ta ɗago jajayen idanunta ta dube shi, karo na farko tun da ta zo gidan.

"Ka fara da kasuwar kifi, Yaya," ta ce. "Kamar ta nan na bi."

Kantin kuwa yana can ɗaya ƙarshen unguwar.