Tankin Madara na Babban Duhu

Da aka buɗe ƙofar ɗakin sanyaya madara, sanyi ya kwararo waje a tsakiyar zafin bazara, mutanen Babban Duhu suka ja da baya. Kaka Zuwairatu ce ta fara shiga, tana dafe da kafaɗar jikanta Zainulabideen. Ta ɗora tafinta a jikin tankin ƙarfen da ya fi ta tsawo, ta janye da sauri.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Zainu, wai rana ce ta haifi wannan sanyin?"

"Ita ce, Kaka. Farantan da ke kan rufi su ke shan ta. Madarar da aka zuba a nan ba za ta lalace ba sai ta isa Katsina."

A waje an kafa rumfuna, baƙi sun zo daga birni, wani ɗan ƙaramin jirgin ɗaukar hoto yana shawagi a kan jama'a. Mahaifin Zainulabideen, Malam Haliru, wanda ya sayar da shanun nomansa don a cika abin da masu tallafi suka bayar, yana gefe yana ta jan carbi.

Mutum ɗaya ne bai zo ba, Sadiq, abokin Zainulabideen na jami'a da suka fara kamfanin tara madarar tare. Shi ya dage a fara da firji ɗaya, a bi rugage a ji ta bakin mata masu tatsa.

"Masu tallafi ba sa kallon firji ɗaya," in ji Zainulabideen a lokacin. "Abin da zai cika hoto suke so."

Ranar suka raba hanya.

* * *

Bidiyon bikin ya zaga wayoyi. Aka riƙa gayyatar Zainulabideen Abuja ya koya wa matasa yadda ake kafa kamfani. A gida kuwa ɗan baffansa ya zama manaja, ɗan gwaggonsa direba, domin ya kasa cewa a'a. Kullum su share ɗakin, su goge tankin, su zauna kallon hanya. Injin yana ta gurnani yana sanyaya iska.

Da damina ta faɗi bai ga madara ba, sai ya ɗauki hanyar ruga da ƙafa, abin da bai taɓa yi ba.

Da ya haura tudun, sai ya tsaya cak. Fili ne shimfiɗe har ƙarshen ganinsa, kore shar, da turaku jere-jere a kafe babu dabba ko ɗaya. Ciyawa ta kai masa gwiwa a inda yake tuna garke yana rufe ƙasa lokacin yarintarsa.

Ya tarar da wata dattijuwa, Uwani, a ƙofar bukka. Suka gaisa, ya tambayi gida da ruwa, sannan ya tambayi shanu.

"Sun yi kudu tun da ɓarayin daji suka matsa mana," ta ce. "'Yan da suka rage, nononsu bai wuce na fura ba."

"Inna, me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Ai mun je biki, ɗana. An ba mu shinkafa, an ɗauke mu hoto. Ba wanda ya tambaye mu komai."

* * *

Washegari da hantsi Uwani ta iso ɗakin tankin da ƙwaryar madara a ka, ta ce ba ta so ya ga kamar sun ƙi shi ne. Ma'aikatan suka miƙe tsaye. Zainulabideen ya karɓa da hannu biyu, ya hau tsani, ya ɗaga murfin tankin ya juye.

Ya daɗe yana leƙawa. Madarar ta gangara can ƙasa, ta taru a gefe guda, ko gindin tankin ba ta rufe ba.